Gajeren takobi mai zarto na sojojin injiniya na Rasha: na faɗa ne ko na aiki?

Tambaya: Na ga hoton wani gajeren takobi mai faɗi, bayansa duk haƙora kamar zarto, ƙotarsa ta itace da tagulla. An rubuta wai na sojojin injiniya na Rasha ne a zamanin sarakuna. Abokina ya ce an yi haƙoran ne don su yayyaga naman abokin gaba. Gaskiya ne? Me injiniya zai yi da takobi, kuma yaushe aka daina ɗaukarsa?

Amsa: Malam, abokinka bai faɗi daidai ba, ko da yake ba shi ya ƙirƙiri zancen ba, an fi shekara ɗari ana yaɗa shi. Haƙoran nan na yankan itace ne. Rashawa na kiran irin wannan makami tesak, kuma yadda ka siffanta shi, ƙotar itace da tagulla ga zarto a baya, ya fi kama da samfurin 1827. Tsawonsa duka bai kai santimita 70 ba, ruwansa wajen rabin mita ne, mai kaifi ɗaya, ya ɗan lanƙwasa, kuma yana ƙara faɗi wajen baki maimakon ya tsuke. Nauyinsa ya haura kilo ɗaya, in an haɗa da kube ya doshi biyu. Takobin sojan doki na wannan zamani ya fi shi tsawo nesa ba kusa ba, amma bai kai shi nauyi a hannu ba. Duk wanda ya ɗaga shi ya ji yadda nauyin ya rinjaya gaba zai gane cewa ya fi kusa da addar manomi fiye da takobin barde.

Kafin a fahimci kayan, sai an san mai shi. In an ce injiniyan soja a Rashar wancan lokaci, hafsoshi ne kawai suka yi karatun lissafi da zanen ganuwa. Kuratan ƙauyawa ne, yawancinsu bayin gona da aka ɗebo na dole, aka tsamo masu hannun sana'a a cikinsu: kafintoci, maƙera, masu haƙar ma'adinai. Daga 1793 wa'adin aikin soja shekara 25 ne, wato mutum ya bar gida ke nan. Sarki Bitrus Mai Girma ne ya aza harsashin wannan fanni, ya buɗe makarantar igwa da aikin injiniya a Mosko a 1701, sannan a 1712 aka kafa kamfanin masu haƙa rami da dasa nakiya da kuma ayarin masu gadar kwale-kwale. A 1797 Sarki Paul ya kafa musu runduna guda, kuma samfurin farko na wannan takobi mai zarto na wannan shekarar ne. Shi ma ƙotar itace gare shi, ruwansa ya ma fi na 1827 faɗi.

Wanda ya ɗaga darajarsu sosai shi ne Nikolas, ƙanen Sarki Alekzanda na ɗaya. Tun 1817 shi ke shugabantar fannin injiniya na soja, kuma shi ne uban bataliyar injiniya ta dogaran sarki, wadda aka kafa a ƙarshen 1812. Ranar da ya hau gadon sarauta a Disamba 1825, wasu hafsoshi suka yi tawaye a San Fitasbag. Bataliyar nan ce ta riga 'yan tawayen isa farfajiyar Fadar Hunturu ta tsare ta, har sabon sarkin ya fito da ɗansa ɗan shekara bakwai, magajin gado, ya danƙa shi a hannun sojojin. To, ba abin mamaki ba ne shekara biyu bayan haka a ga an sabunta musu kayan ɗamara.

Yanzu ga ainihin aikin, wanda a nan ne amsarka take. Yaƙin ƙarni na 18 da rabin farko na 19 cike yake da ƙawanya ga garuruwa masu ganuwa, musamman tsakanin Rasha da Daular Usmaniyya a bakin kogin Danub da gaɓar Bahar Aswad. Ba a tunkarar ganuwa mai igwa a fili, sai dai a bi tsarin da Bafaranshe Vauban ya daidaita tun ƙarni na 17: a haƙa dogon rami daura da ganuwar daga nesa, daga nan a riƙa jan wasu ramuka a karkace, dama da hagu, ana matsawa, don kada harsashi ya bi tsawon ramin ya share mutane. Na gaba a ramin a durƙushe yake aiki. Yana tura wani ƙaton kwando da aka cusa wa itatuwa a gabansa a matsayin garkuwa, ya kafa ƙaramin kwando a gefen da wuta ke fitowa, ya cika shi da ƙasar da ya haƙa, ya matsa gaba, na bayansa su faɗaɗa su zurfafa.

Kwandunan nan ba sayo su ake yi ba, a daji ake saƙa su, kuma ƙawanya ɗaya tana cin dubbai. Soja zai zana da'ira a ƙasa, faɗinta wajen santimita 60, ya feƙe turaku ya kakkafa a kan da'irar, sannan ya ɗauko ɗanyun tsumagu ya riƙa saƙawa ciki da waje, yana dannawa ƙasa, har ya kai kusan mita ɗaya. Ba gindi, ba murfi. In an tsayar da shi an cika shi da ƙasa, harsashin bindigar wancan zamani ba ya huda shi. Ban da kwando akwai damin ƙirare, masu tsawon mita biyu ko fiye, waɗanda ake jera rassa a kan gwafanni, mutum biyu su shaƙe damin da igiya da sanduna har ya tsuke, a ɗaure da tsumagiya, a datse bakin ya yi daidai. Da su ake tokare bangon rami kada ya zube, da su ake cike gwalalo, da su ake shimfiɗa hanya a fadama don igwa ta wuce. Kowane dami kuma sai an kafe shi da turaku. Ka lissafa yawan saran da ke cikin wannan: rassa masu kaurin babban yatsa, dubu bisa dubu, a sare, a sassabe ganye, a feƙe baki. Gatari ya yi wa wannan aiki nauyi da gajeren baki, wuƙa ta yi masa ƙanƙanta. Abu mai faɗin ruwa da nauyi a gaba, shi ne daidai. Jamusawa ma suna da irinsa don wannan aiki, Ingila ta fitar da nata mai zarto a 1856.

Zarton kuwa na wurin da ba a iya ɗaga hannu ne. Saiwa ta tare ramin da kake durƙushe a ciki, ko kana cikin ramin ƙarƙashin ƙasa kana son rage katakon tokare rufi, ko kana son yin tsaga a jikin gungume don igiyar gada ta zauna. Akwai kuma maganar ƙara. Da dare, kusa da ganuwar abokin gaba, bugun gatari kiran harsashi ne, zarto kuwa a hankali yake cin itace.

Sai dai in faɗa maka ra'ayina, zarton nan ba na kirki ba ne. An yanka haƙoran a gadon bayan ruwan, wurin da ƙarfen ya fi kauri, don haka kowane ja sai ya cinye itace mai faɗi, aiki ya yi ta tafiyar hawainiya. Tsawon ja gajere ne. Ba kuma inda za ka ɗora ɗaya hannun ka danna, domin kaifi ne ke kallon sama. A ɗanyen itace haƙoran kan cushe da ɗanko. Kafinta na gaske ba zai ajiye zartonsa ya ɗauki wannan ba. A wajen faɗa ma haka: gajere ne, ba ya kare yatsu in ban da ɗan ƙarfen da ke gicciye a bakin ƙota, kuma in ka kai sara ka kuskure, kafin ka dawo da shi mai dogon makami ya gama da kai. In ya samu mutum dai, ɓarnar ba kaɗan ba ce, amma kaifi da nauyi ne ke yin ta. Haƙora a wajen suka cikas ne, don sukan maƙale a tufafi da ɗamara.

To me ya sa aka riƙe shi shekaru kusan tamanin? Dalili na farko yana bakin bindigar Rasha. Abin da suke ɗaurawa a bakin bindiga tsinken ƙarfe ne mai tsini, ba shi da kaifin da zai yanka ko igiya, kuma a kan wannan tsari suka zauna har zuwa bindigar Mosin ta 1891. Sojan da ke son yanka wani abu dole ya ɗauki wani ƙarfen dabam. Na biyu, manyan kayan aiki a amalanke suke tafiya, amalanke kuma a hanyoyin Rasha da na Balkan ba ta da alkawari. A Borodino, inda Rasha ta gwabza da Napoleon a 1812, an gina tungayen tsaro cikin gaggawa da ƙarancin shebur da diga, wasu ma ba a gama su ba yaƙi ya ɓarke. Abin da ke rataye a jikin soja shi ne kawai ake da tabbacin zai iso tare da shi.

Na uku ba na aiki ba ne, na martaba ne. A sojan ƙasa na Rasha ma akwai tesak maras zarto, irin samfurin 1807 da na 1817, wanda ake ba zaɓaɓɓun sojoji da masu muƙamin saje da makaɗa. Ana ɗaura masa igiya mai tuntu a ƙota, launin tuntun yana nuna bataliya da kamfanin da mutum yake. Ana rataya shi da hamilar fata, a goge tagullarsa sai ƙyalli ranar fareti. A ƙarƙashin Nikolas, wanda fareti ke gabansa kamar ibada, soja ba tare da abu a kwiɓi ba bai cika soja ba. Amma ka lura da wani abu: tambarin da injiniyoyin ke sawa a hula gatura biyu ne a gicciye. Su da kansu sun san kayan da ke yi musu babban aiki.

Samfurin 1827 ya ga yaƙi tun yana sabo. A 1828 aka yi wa Varna ƙawanya, a 1829 Silistira, garuruwa masu ganuwa na Daular Usmaniyya, kuma duka biyun da ramuka da nakiya aka karya su. A nan ne sunan Karl Schilder ya fito, injiniyan da daga baya ya ƙware wajen tayar da nakiya da wutar lantarki, har ya ƙera jirgin ƙarƙashin ruwa na ƙarfe a 1834. A gaban wannan Silistira ɗin ya samu raunin da ya yi ajalinsa a 1854. A irin wannan ƙawanya ne takobin kan taɓa jini. Masu tsaron gari sukan fito da dare su auka wa bakin ramin don su rusa aikin kwanaki, su tarar da masu haƙa sun jingine bindigogi. A nan kowa abin da ke hannunsa yake ɗagawa, shebur ne, diga ce, ko tesak.

A Kokasus labarin ya ɗan bambanta. Mayaƙan Imam Shamil sun mayar da kurmin Checheniya ganuwarsu, suna kayar da manyan bishiyoyi su toshe hanya, su yi kwanto a baya. A 1845 rundunar Vorontsov, kwamandan Rasha, ta shiga har Dargo, sansanin Shamil, ta fito da ƙyar bayan asara mai yawa. Daga nan Rashawa suka koma ga dabarar sare daji, suna buɗe hanyoyi masu faɗin da harsashi daga gefe ba zai kai tsakiya ba, shekara bayan shekara, har Shamil ya miƙa wuya a Gunib a 1859. Wannan aikin gatari ne, gajeren takobi sai dai sassabe da share ƙaya.

Tun kafin nan siffar tesak ta canza. Faransa ta fitar da wani gajeren takobi irin na Rumawan da, na masu igwa a 1816, na sojan ƙasa a 1831, ƙotarsa tagulla zalla da aka zuba a zubi. Sojojinta suka raina shi har suka yi masa laƙabi da mai yanka kabeji, amma yayinsa ya kama Turai har Amurka. Rasha ta bi sahu: samfurin injiniya na 1834 ya zo da ƙotar tagulla mai zobba-zobba, zarton yana nan, sannan na sojan ƙasa na 1848 ya zo miƙaƙƙe mai kaifi biyu ba zarto. Ƙotar tagulla ta fi sauƙin ƙerawa da yawa, ba ta ruɓewa, ta fi kyau a fareti. A hannu kuwa ta fi itace santsi in an yi gumi, kuma a sanyin Rasha riƙe tagulla da hannu tsirara azaba ce. Da wannan kake bambance su a hoto: itace da ƙusoshi 1827, tagulla zalla da zarto 1834, tagulla zalla da kaifi biyu 1848.

Yawancinsu daga Zlatoust suka fito, wani gari a duwatsun Ural inda gwamnati ta buɗe masana'antar takubba a 1815, ta ɗauko maƙera daga Solingen ta Jamus su koyar. A can ne Pavel Anosov ya yi shekaru yana binciken ƙarfe. Na asali galibi za ka ga sunan masana'anta da shekara a jikin ruwan kusa da ƙota, wani lokaci da lambar bataliya a tagullar. Na jabu sun yi yawa a kasuwar kayan tarihi, don haka hoto kaɗai ba ya isa a yanke hukunci. Wanda ke son ganin jerinsu, gidan tarihin igwa da injiniya da sadarwa na San Fitasbag ne wurin zuwa. Da yawa daga waɗanda ke Ingila da Faransa kuwa ganimar yaƙin Kirimiya ce.

Wannan yaƙi shi ne ƙololuwar aikin injiniyoyin Rasha na wancan ƙarni. Sebastofol, tashar jiragen ruwan Rasha a Kirimiya, ba ta da wata ganuwar kirki ta ɓangaren tudu lokacin da sojojin Ingila da Faransa da Turkawa suka sauka a 1854. Eduard Totleben, almajirin Schilder, yana ɗan shekara 36, ya tayar da tungaye na ƙasa da kwanduna da buhunan yashi a idon abokan gaba, abin da igwa ta rusa da rana a gyara da dare, garin ya jure kwana 349. A gaban tunga ta huɗu, da Faransawa suka fara haƙowa ta ƙarƙashin ƙasa, Rashawa suka tare su da nasu ramukan, kusan kilomita 7 jimilla, ƙarƙashin wani hafsa Melnikov. Ramukan ƙanana ne, sai da rarrafe, iska ta yi ƙarancin da kyandir ke mutuwa. Mutum zai kwanta ya kasa kunne ya ji bugun digar abokin gaba ta cikin dutse, a auna nisa, a cusa albarushi a toshe a tayar. Doguwar bindiga ba ta da amfani a irin wannan wuri, gajeren ƙarfe ne kawai ke shiga. Amma kada a ƙawata labarin: abin da ya kashe mutane a ramukan nan fashewa ce da hayaƙi da ruftawar ƙasa, ba a cika haɗuwa gaba da gaba ba.

Abin da ya kawo ƙarshen tesak shi ne bindiga mai ɗurin baya mai cin dogon zango. Da ta zo, ba injiniya kaɗai ke bukatar rami ba, kowane soja sai ya nutse a ƙasa in yana son ransa. A garin Plevna a 1877 Usman Pasha, kwamandan Daular Usmaniyya, ya haƙa ramuka ya zauna, Rashawa suka kai hari sau uku a fili suka sha kashi, sojojin Janar Skobelev da suka ci wani tudu suka rasa abin haƙa har suna tonon ƙasa da tsinken bindiga da murfin kwanon abinci. Sai da aka kira Totleben ya kewaye garin ya yanke masa abinci, sannan ya faɗi a Disamba. Tun wajen 1870 wani hafsan Danmak, Linnemann, ya riga ya fito da ƙaramin shebur mai tsawon rabin mita wanda soja zai rataya a ɗamara, ya haƙa da shi a kwance, ya wasa gefensa ya sare saiwa da reshe. Rasha ta karɓe shi. Ga shi kuma tun 1874 an koma aikin soja na kowa da kowa na 'yan shekaru, runduna ta ƙaru, ba wanda zai kashe kuɗi ya ɗora wa kowane kurtu kilo biyu na ƙarfe da tagulla. A farkon shekarun 1880 aka janye tesak daga yawancin rundunoni, ya rage a kwiɓin makaɗa da masu ganga da wasu dogaran sarki a matsayin ado har zuwa 1917. Masu igwa da masu bindiga mai sarrafa kanta daga baya aka ba su bebut, wata lanƙwasasshiyar wuƙa irin ta Kokasus, samfurin 1907.

Zancen abokinka kuwa daga Yaƙin Duniya na Ɗaya ya fito, kuma ba a kan Rasha aka fara shi ba. Jamus ta ba injiniyoyinta da wasu sojoji wuƙar bakin bindiga mai zarto a baya, don yankan turaku da katako. Farfagandar Ingila da Faransa ta ɗauke ta a matsayin shaidar rashin imanin Jamusawa, jita-jita ta bazu a ramuka cewa duk wanda aka kama da ita ba za a bar shi da rai ba. A 1917 Jamus ta janye su daga fagen daga, aka goge haƙoran da yawa daga cikinsu. Tun daga nan duk wani ƙarfe mai zarto a baya ya gaji wannan suna, har da waɗanda aka ƙera shekara casa'in kafin yaƙin.

Dabarar haɗa makami da kayan aiki ba ta mutu a Rasha ba, ƙanƙancewa ta yi. Birged-birged na injiniyoyin farmaki da Tarayyar Sobiyet ta kafa a 1943, masu sulken ƙarfe a ƙirji, wuƙa da ƙaramin shebur suke ɗauka. Wuƙar bakin bindigar Kalashnikov samfurin AKM, wadda ta fito a 1959, tana da haƙoran zarto a baya, kuma in ka haɗa ta da kubenta ta zama almakashin yanke waya. Ƙaramin shebur ɗin nan mai santimita 50 kuwa, da 'yan gyare-gyare kaɗan, har yau yana cikin kayan sojan Rasha.